Fiyanon Bukar

Pantami, Gombe

Ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tashe ka lafiya ranar tafiyar nan, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya raba ka da sharrin hanya da na masu tare ta. Innarka ma ta ce in gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naka. Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kuke cin tuwo gida ɗaya. Ka san halina. Zan iya yi wa direban da ya karya mini kujera faɗa har unguwa ta taru, amma in zauna da ɗana ido da ido in ce na yi kuskure, wannan kunyar Fulani ba za ta bar ni ba. Shi ya sa na zauna a shago da hantsin nan, kafin masu hayar rumfa su fara zuwa, na ɗauki biro.

Bari in fara da mai nauyin, don in na bar ta ƙarshe zan iya kasa rubutawa. Fiyanon nan da ka goge jiya ka sa a jaka ba naka ba ne, kuma ba nawa ba ne. Na wani mutum ne mai suna Bukar, yana nan unguwar Barunde da ransa. Ba na so ka fita garin nan da shi ba tare da ka san wannan ba.

Shekaranjiya ka zo ka durƙusa ka ce wani mai shirya wasan Sallah a Kano zai sa sunanka cikin masu hawa dandamali, in ka sayi tikiti arba'in da kuɗinka, ka je ka sayar da kanka. Ka ce in taimaka maka da kuɗin. Na daka maka tsawar da ban taɓa yi maka irinta ba. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ai haka ake yi yanzu, furomo ne, wato tallan kai, sai an ga mutum ake sanin sa." Ka tashi ranka a ɓace, kana tsammanin rowa ce ko ƙin sana'arka. Ba ko ɗaya. Maganar da mutumin nan ya faɗa maka ce ta tayar mini da hankali, domin na san ta kalma da kalma. Ni ma da bakina na faɗa wa 'ya'yan mutane ita, shekara da shekaru.

Ka tuna ɗakin taron da nake wa manaja kafin in koma hayar kujeru. Na wani Alhaji ne da ke zaune a GRA, ni ke riƙe da makulli. Lokacin da gari yake lafiya, in muna son makaɗi, mu muke aika masa da goro da kafin alƙalami, ya zo ya yi wasa, a biya shi, abin da aka liƙa masa kuma nasa ne. Haka na taras ana yi, haka kuma kakanninka suka yi da masu garaya da kalangu: wanda ya kira makaɗi shi ke ciyar da shi. Sai fitinar nan ta iso mana. Mutane suka fara tsoron duk inda kai goma ya taru. Dole muka ɗauki masu gadi biyu da na'urar lalube a bakin ƙofa, muka hana shiga da jaka, kuma kowane wasa sai an tashi kafin magariba. Man janareta bai san ana fitina ba, kullum sai ya sha nasa. Wata rana na ƙirga mutanen da ke cikin ɗaki mai kujera ɗari uku, na samu masu gadi da mai sayar da fiya wata sun kusa kai rabinsu. Alhaji kuwa ƙarshen kowane wata sai ya kira ni a waya, gaisuwar ma a taƙaice.

A nan na yi kuskurena na farko. Na ji ana wata dabara a manyan garuruwa, sai na ɗauko ta. Duk ƙungiyar da ke son yin wasa a wurinmu sai ta karɓi tikiti hamsin ta biya nan take, sannan ta je ta sayar. In ta sayar ta mayar da kuɗinta, in ba ta sayar ba ruwanta. Kuɗin ƙofa kuma, na waɗanda suka zo da kansu, nawa ne. Ban kira abin da sunansa ba. Na sa masa suna taimakon matasa. Ina cewa, "Ku ne kuke neman suna, ni ina da dandamali, to mu taimaki juna." Na maimaita har ni ma na yarda.

Ka lura da abin da na yi, Nasiru, domin shi ake shirin yi maka. Asarar da ta kamata mu raba, ni da Alhaji da makaɗa, sai na tattara ta na ɗora wa wanda ya fi kowa rauni. Ko mutum ɗaya bai zo ba ni na riga na ci. Tun daga ranar na daina yawon manna takardun talla, na daina biyan mai shela, domin me zai sa in wahala? Makaɗi ya zama shi ne mai kiɗa, shi ne mai talla, shi ne mai saye. To ga shawarata: duk wanda ya kira ka wasa, kafin ka tambaye shi nawa, ka tambaye shi, in ba kowa ya zo ba, wa ya yi asara? In amsar kai kaɗai ne, ka yi masa godiya ka sa takalminka.

Kuma wa kake tsammani zai sayi tikitin? Na ga abin da idona. Yaro zai bi gidan gwaggonsa da na kawunsa da abokan makarantarsa. Karon farko su saya don zumunci, karo na biyu su saya suna tsaki, karo na uku su hango shi su shige banɗaki. Wanda ya zo neman suna sai ya ƙare yana yi wa 'yan gidansu waƙa, su da suka gaji da jin ta ta taga kyauta. Kai da nan Gombe ne ma da sauƙi, Innarka kaɗai za ta sayi biyar ta raba wa maƙwabta. A Kano wa ka sani? Ɗan gidan Bappanka da za ka sauka wurinsa, shi da matarsa, mutum biyu ke nan. Sauran talatin da takwas fa?

A cikin wannan hali Bukar ya zo. Daga wani gari na Barno ya gudo da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya gaya mini ranar da suka fito ya bar katifa, ya bar keken ɗinkin matarsa, ya naɗe fiyanon nan a zaninta ya ɗora a kai. A wani shinge sojoji suka ga dogon abu a ƙunshe, suka ja baya suka saita shi da bindiga, suka ce ya ajiye ya kwance. Da suka ga abin da yake, ɗaya ya ce ya buga a ji in da gaske ne. Da sauran batir a ciki, ya tsuguna a bakin kwalta ya buga musu, suka bar shi ya wuce har da ba shi burodi. Yana ba ni labarin yana dariya. Ya haɗa ƙungiya da wasu mutum uku, mai ganga wani Iliya ne mutumin Kaltungo, suka zo suka ce a ba su dama.

Na miƙa masa tikiti hamsin kamar kowa. Ya juya su a hannu ya ce, "Manaja, ni baƙo ne. Waɗanda na sani a garin nan irina ne, abincin yau suke nema." Na ce ƙa'ida ce, in na ɗaga masa sai kowa ya ce a ɗaga masa. Suka haɗa abin da suka samu a kiɗan suna da ɗaurin aure suka biya. Tara suka sayar.

Kuskurena na biyu shi ne yadda nake jera masu wasa. Wanda ya fi sayen tikiti shi nake ba lokaci mai kyau, bayan la'asar, sa'ad da ɗaki ya ɗan cika. Akwai wasu samari 'yan GRA da ke sayen ɗari ba tare da sun taya ba, su raba wa abokai. Muryar babbansu, Allah Ya yafe mini, ko akuya ta ji sai ta bar wurin. Su nake ba tsakiyar wasa. Su Bukar kuwa na sa su ƙarfe biyu na rana, ana cikin jera kujeru. Ina tsaye a ƙofa, inda na saba tsayawa ina yagar tikiti, ya fara bugawa. Wallahi Nasiru, ban taɓa jin hannu irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Mai gadi ya sauke na'urarsa ya leƙa ciki. Mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Mutum goma sha wani abu ne a ɗakin, sauran kujeru ne. Zuciyata ta ce mini wannan shi ya kamata gari ya ji, amma na yi kunnen uwar shegu da ita.

Ka san abin da ya biyo baya? 'Yan tsirarun da ke zuwa da kuɗinsu don jin kiɗa suka gane cewa a wurinmu ba gwani ke hawa ba, mai kuɗi ne. Suka daina zuwa. Ina ta ɗora laifin a kan fitina, alhali da hannuna na kore su. Saboda haka in aka ce maka za a gan ka, ka tambaya wa zai gan ka. Wurin da kowa ke iya sayen dandamali, masu kunne sun daɗe da barin sa. Ka je wasan mutumin nan sau ɗaya a matsayin ɗan kallo kafin ka ba shi ko sisi. Ka dubi masu zama, ka ga ko kowace ƙungiya in ta sauka mutanenta tashi suke su fice.

Kada ka ɗauka ina cewa duk mai ɗakin taro azzalumi ne. Na zauna a kujerar, na san zafinta. Mai, gadi, lasifika, haya, duk kuɗi ne, kuma ba laifi makaɗi ya ɗauki rabonsa na wahalar. In ka kama hayar ɗaki da kuɗinka, ƙofa taka ce, ko ka ci ko ka faɗi, wannan ciniki ne na halal. In kuka ce a cire kuɗin mai da gadi daga abin da aka samu a raba saura, wannan ma adalci ne, ko da rabonka bai wuce kuɗin mota ba. Ko kyauta ka ga dama ka yi wa wanda ka yarda da shi, ba zan hana ka ba, ai kyautarka ce. Abin da ba na so shi ne ka biya, ka yi aiki, ka kawo masu kallo, sannan wani ya tsaya a ƙofa ya kwashe. Wannan ci biyu ne, kuma ni na yi shi.

Yanzu ga na ukun, wanda ya fi tsaya mini a rai. Wasan Babbar Sallah ya matso, wanda kowa ke sa rai mutane za su ɗan fito. Bukar ya zo ya ce yana son lokacin bayan la'asar ko sau ɗaya ne a rayuwarsa. Na ce tikiti ɗari ne. Ba shi da kuɗin. Sai na ce, ni da bakina, ya bar fiyanon jingina a ofishina, ranar wasa ya ɗauka ya buga, in an tashi ya biya ya tafi da abinsa. Iliya ya ja shi gefe, na ji yana cewa, "Kada ka yi, ɗan'uwa, wannan shi ne gonarka." Bukar ya ce, "Manaja Musulmi ne, ba zai ci amanata ba." Ya ajiye shi a kan teburina, ya gyara masa zanin da ke rufe da shi.

Ya yi yawo bakin rai bakin fama, har ya sayar da kusan rabi. Ana jibi wasa, da rana tsaka, aka ji ƙara daga wajen tasha. Kai ma ka tuna ranar, Innarka ta fita ba mayafi tana neman ku. Aka sa dokar hana fita, wasa ya rushe. Da aka sassauta, waɗanda suka sayi tikiti a hannun Bukar suka bi shi, ya mayar musu da kuɗinsu har na ƙarshe. Sannan ya zo wurina da tikitin ɗari cif, a ɗaure da roba, ya ce, "Manaja, tunda ba a yi wasa ba, ga takardunka, a ba ni kayana."

Na ce ba haka muka yi ba. Na ce na biya masu gadi, na sayi mai, na buga tikiti, ba ni na tayar da bom ba. Duk gaskiya ne, kuma duk ƙarya ce, domin shi ma ba shi ya tayar ba, kuma man yana nan a jarka na yi amfani da shi a bikin da ya biyo baya. Na ce ya kawo ko rabi ne ya karɓa. Bai yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi da na samu abin riƙewa. Ya dubi fiyanon, ya dube ni, ya ce, "To Manaja, a riƙa rufe shi, ba ya son ƙura." Ya dawo sau biyu da ɗan abin da ya tara, na ce bai kai ba. Daga nan ban sake ganin sa ba sai jiya. Ƙungiyarsu ta watse, Iliya ya koma gida noma.

In za ka riƙe abu ɗaya daga wasiƙar nan, ka riƙe wannan: kayan aikinka ba ya shiga ciniki. Ko wa ya ce ka ajiye, ko da Alƙur'ani ya rantse, kada ka ajiye. Kuma ranar da Allah Ya ɗaga ka, ka zama kai ne mai kiran wasu, domin ina sa ran za ka kai, ka tuna cewa wanda ya yi wa Bukar haka ba wani mugu ba ne daga nesa. Mutum ne mai sallah biyar, mai tsoron wayar maigidansa, mai ɗa yana jiran kuɗin makaranta. Ubanka ne.

Ba a yi shekara ba Alhaji ya rufe wurin ya mai da shi sito. Na kwaso kayana, har da fiyanon. Innarka ta gan shi ta ce, "Malam, wannan na waye?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka mayar wa mai shi tun yau, kafin ya saba da gidan nan." Na ce gobe. Kafin goben ta zo ka dawo daga makaranta ka buɗe zanin, ka danna, fuskarka ta yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ka ce, "Baba, nawa ne?" Sai na ji bakina yana cewa na saya maka a kasuwa. Wannan shi ne kuskure na huɗu, kuma shi ya fi daɗewa, domin kullum ka buga sai na sake yin sa. Ka taɓa tambayata me ya sa na manna baƙin salatif a ƙasansa, na ce tsagewa ce. Ka ɓare ka gani. Sunansa ne, da ƙusa ya rubuta.

Kada ka koyi wannan a wurina. In ka ci haƙƙin mutum, ka mayar da zafinsa. Kwana ɗaya in ya wuce sai kunya ta shiga, daga nan kuma kunyar ce za ta riƙa gadin kayan.

Jiya bayan azahar na je Barunde. Ban sha wahalar nema ba, ashe tuntuni na san layin, kauce masa nake yi. Keke Napep yake ja yanzu. Na same shi a ƙofar gida yana wanke shi, furfura ta fito masa. Ya gane ni tun daga nesa, ya ce, "A'a, Manaja! Yau kai ne a gidanmu?" Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har ƙaryar da na yi maka. Ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa. Da ya buɗe baki, ba abin da na zata ya ce ba. Cewa ya yi, "Madannin nan na uku daga hagu, har yanzu yana maƙalewa?" Na ce ban sani ba, amma na ji kana yi masa tsaki. Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Yaron ya iya?" Na ce mutane suna cewa ya iya. Ya ce yana so ya ji da kunnensa. Ina shirin tashi ya dube ni, da murmushi, ba da gatse ba, ya ce, "To Manaja, tikiti nawa zan saya kafin in ji shi?"

Nasiru, na fi shekara hamsin a duniya, ba a taɓa yi mini tambayar da ta kashe mini jiki kamar wannan ba. Na miƙe na yi masa sallama. Takalmina ma da ƙyar na gane.

Ga abin da nake roƙonka, ba umarni nake ba ka ba, don a kan wannan ba ni da bakin umarni. Gobe da safe kafin ka nufi tasha, ka ɗauki fiyanon da hannunka ka kai Barunde. Ka gaishe shi yadda kake gaishe ni, ka buga masa abin da ka fi iyawa. In ya ce a bar masa kayansa, ka bar masa da fara'a, kada ka waiwaya. Kuɗin da ka roƙe ni na tikiti suna hannun Innarka, na ƙara da na rumfa biyu da na sayar, ka nemi wani fiyano na hannu a Kano ka fara da shi. Don wannan na ba ka su, ba don ƙofar kowa ba. In kuma ya ce ka tafi da shi, to a ranar ne ya zama naka, kuma kuɗin nasa ne, ka damƙa masa. Wanne zai zaɓa, ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba.

A hanya, in an tsayar da ku a shinge ka sauka ba gardama, ka buɗe jakarka tun kafin a ce ka buɗe. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba. Kada ka daɗe a tasha, in ka sauka ka wuce. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka kira Innarka ko ba ka da labari, don ita muryar take so.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen da suka fi ubanka adalci, Ya sa albarka a yatsunka, Ya kawo mana ƙarshen fitinar nan, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. In ka ga za ka iya yafe mini, ka yafe. Gobe zan bi ka Barunde, amma ba zan shiga ba. A ƙofa zan tsaya, inda na saba, wannan karon ba komai a hannuna.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sale